Fitilar da Aka Zura a Ramin Gwadabe

Jawabin da Malama Baturiya Ubale ta yi a wajen addu'ar arba'in ta yayanta, Malam Gwadabe Ubale, a ƙofar gidansu da ke Rugar Ubale, cikin watan Yuni na 1997.

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya ara mana Gwadabe shekara hamsin da biyu, sannan ya karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagacinmu, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta Malam. Ardo Sale da dattawan rugage, sannunku da zuwa. Baƙon da hukuma ta aiko mana, sannu da hanya, mun ga yadda motarka ta sha wuya kafin ta iso. Shugabannin manoma da makiyaya da kuka taso daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, Allah ya ba da ladan zumunci. Adda Maijidda, ke da ke bayan zana cikin takaba kina ji na, Allah ya sanyaya miki zuciya. Umaru, Inuwa, Barakatu, 'ya'yan yayana kuma 'ya'yana, sannunku da haƙuri.

Ba a saba mace ta tsaya gaban maza a irin wannan taro ba, ni ma na sani. Ƙungiyar mata ce ta ce ni zan yi magana, don ni ce ƙanwarsa, kuma ni ce na fara tuƙa tuwo a kan wutarsa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, iyakarsa in rubuta wasiƙa in karanta takardar asibiti. In harshe ya yi tuntuɓe, ku yafe mini.

Akwai mutum ɗaya da ban gaisar ba. Yana can gindin tsamiya shi kaɗai, hannuwansa naɗe da ƙyalle. Baƙi ba su san shi ba: Baba Mudi ke nan, mai haƙar rijiya. Shi ne ya kunna fitilar da aka zura cikin ramin da ya tashi da Yaya. Yau kwana arba'in ba wanda ya yi masa sallama a garin nan. Gobe Dagaci zai zauna a kan maganarsa, ko ya ci gaba da zama cikinmu, ko ya tattara ya bar garin da ya haƙa wa rijiya goma sha ɗaya. Ina da magana a kan wannan, amma sai na fara gaya muku ko wane ne muka rasa.

Ya kasance mutum mai yawan tambaya, tun muna yara. Na tuna wata rana mun kai shanu tafkin bayan gari, inda suke tsayawa su yi ta kashi cikin ruwa. Ya sa sandarsa ya tsokani taɓon ƙasa, sai ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul. Ya ce, "Baturiya, zo ki gani, tafkin nan numfashi yake yi." Na ce masa aljanu ne, na ruga gida na faɗa wa Baffa, mahaifinmu. Baffa ya ja kunnensa ya ce a bar aljanu su huta. Da Yaya ya kama ni, bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Ke dai matsoraciya ce, kuma bakinki ba ya riƙe magana." Allah sarki, Yaya. Ashe bakin nan zai iya riƙe magana, har ya riƙe wadda bai kamata ya riƙe ba.

Ya kasance makiyayi, ɗan makiyayi, amma zamani ya ɗaure masa shanu a turke. Dattawa kun san yadda aka yi. Wata shekara aka wayi gari gwamnati ta hana shigo da shinkafa, ta ce kowa ya noma. Ba mu ƙi ba. Aka bi fadamun da shanunmu ke kiwo da rani aka yi musu kunya-kunya, aka cika su da ruwa. Burtalin da kakanninmu ke bi ya koma siririyar hanya, ko saniya biyu ba sa jerawa. Wasu 'yan'uwanmu suka kaɗa garkensu suka yi kudu, har yau ba su dawo ba. Yaya ya ce shi ba zai bar kabarin Baffa ba. Ya rage shanu, ya yi musu shinge a bayan gida, yana yanko musu ciyawa da harawa. Kashin da a da shanu ke watsawa a daji ya zama tsibi a bayan ɗakunanmu, da damina ya jiƙe ya yi ta ɗoyi.

A cikin wannan hali ne Injiniya Surajo ya zo, a shekarar tamanin da tara, a kan babur, da takardu cikin jaka. Ya ce gwamnati ta fito da sabon shiri na samar wa karkara wutar girki daga kashin shanu. Maza suka yi dariya har da riƙe ciki. Ardo Sale, ka yafe mini, amma kai ne ka ce, "Yaro, mu da muka tsufa cikin kashin shanu, da wuta ce a cikinsa ai da tuni mun ƙone." Kowa ya watse, aka bar Yaya shi kaɗai tsugune gaban Injiniya yana ta jero tambayoyi har la'asar.

Injiniya ya bayyana masa cewa akwai wata iska da ke fita daga duk abin da ya ruɓe a inda iskar shaƙa ba ta shiga. A boko mitan ake ce mata, mu dai iskar kashi muka sa mata. Tana fita daga tsibin kashi, tana fita daga gyatsar saniya, tana fita daga fadamar shinkafa in ruwa ya kwanta a kanta. Ya ce in an bar ta ta hau sama tana ƙara wa duniya zafi, in an tare ta an kunna sai ta dafa tuwo. Yaya ya shigo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Baturiya, kin tuna aljanunki na tafki? To, za su zo su yi miki girki."

Aka ɗauke shi aka kai birni, ya yi mako biyu ana koya masa. Aka kawo siminti da bulo da bututu. Muka yi gayya, Baba Mudi ne ya ja gaba wajen haƙa, don ba wanda ya kai shi sanin ƙasar nan. Aka gina abu kamar rumbu a ƙarƙashin ƙasa, aka rufe shi ruf. Ta gefe guda ana zuba kashi da aka dama da ruwa, ta ɗaya gefen ruwan taki na fita, ta sama kuma bututu ya ɗauki iskar ya kai madafa.

Ranar da aka fara kunnawa ba zan manta ba. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi, ba toka. Na tuƙa tuwon dawa na yi miyar kuka, aka fito da akushi, ba wanda ya miƙa hannu. Aka yi ta kallon-kallo. Wata tsohuwa ta ce ita ba za ta ci tuwon kashi ba ko za ta mutu da yunwa. Sai aka aika wa Liman. Allah ya gafarta Malam, kana nan, in na ƙara ka gyara mini. Ka zo ka zagaya ramin, ka leƙa madafa, ka sa hannu kusa da wutar, ka ce, "Shin dawar nan da aka yi tuwon, da me aka yi mata taki?" Aka ce da kashin shanu. Ka ce, "To ai kun daɗe kuna ci." Ka yi bismilla ka yanki loma. Kafin a ce me, akushi ya koma fanko, tsohuwar nan ma har da neman ƙari.

Daga ranar samari suka sa wa Yaya suna Sarkin Kashi. Bai taɓa jin haushi ba. In sun kira shi sai ya ce, "Na'am, talakawana. Ina harajin yau?" Harajin kuwa shi ne kowane gida ya kawo kwarya biyu ta kashi da safe.

Ya kasance mai tausayin mata. Wannan ba zan gaji da faɗarsa ba, don maza ba su san abin da hayaƙi ke yi mana ba. Innarmu ta rasu idonta ba ya gani sosai, hayaƙin kara da ɗanyen itace ya cinye shi. Yaya ya gina babbar madafa mai murhu huɗu a gefen gidansa, ya ce ta gari ce. Gida tara muke girki a ciki, bi da bi. Matan da a da ke tafiya tun hantsi neman itace su dawo bayan azahar, sai ga su suna da lokacin kaɗi da saƙa, wasunmu har muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Rubutun da nake karanta muku yanzu, wutar Yaya ce ta ba ni lokacin koyonsa. Ruwan takin da ke fita daga ramin kuwa, bai taɓa sayar da shi ba. Duk wanda ya kawo kashi yana da rabo, kuma kun ga yadda masara ta yi a gonakin da aka zuba shi.

Manya sun zo sun gani. Motoci bakwai na ƙirga rana ɗaya. Aka ɗauki hoton Yaya yana kunna murhu, aka ɗauki nawa ina tuƙi, har aka ce in sake tuƙawa don hoton farko bai yi kyau ba. Wani mai babbar riga ya yi jawabi ya ce kafin shekara biyar kowace ruga a ƙasar nan za ta sami irin wannan rami. Muka yi guɗa.

Kafin Injiniya Surajo ya tafi, ya gaya wa Yaya wata magana a gabana. Ya ce, "Malam Gwadabe, abin da aka koya muku rabi ne. An koya muku zubawa da kunnawa. Bayan 'yan shekaru ramin zai yi ɓawo a ciki, sai an buɗe an kwashe. Wannan aiki yana da nasa ilmi da nasa kayan aiki, kuma an shirya za a kira ku karo na biyu a koya muku. Kada ka buɗe sai mun zo."

Ba su zo ba.

Gwamnati ta sauya, shiri ya sauya. Aka ce ƙasa na tsuke bakin aljihu, aka rufe ofishin, aka sallami su Injiniya. Mun ji ya koma sayar da kayan babur a wani gari, daga baya labarinsa ya ɓace mana. Yaya ya je birni sau shida cikin shekara huɗu. Ni nake rubuta masa wasiƙun da yake tafiya da su, don ya ce rubutuna ya fi nasa miƙewa. Wannan ofishi ya ce maganar ta masu aikin gona ce. Masu aikin gona suka ce ai wuta ce, ta masu makamashi ce. Masu makamashi suka ce su man fetur da lantarki suka sani. A zuwansa na ƙarshe wani magatakarda ya dube shi ya ce, "Baba, wannan shirin ai na gwamnatin da ta wuce ne." Yaya ya ce masa, "To, ɗana, ramin bai san an yi juyi ba. Yana nan yana aiki."

Ya kasance mai haƙuri, amma sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya raka motar shanu zuwa kudu, can ƙasar da ake haƙo mai. Da ya dawo bai ba mu labarin teku ba, bai ba mu labarin kasuwa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Baturiya, na ga wani dogon ƙarfe ya fi rimi tsawo, wuta na ci a kansa da rana tsaka, ba tukunya a kai, ba kowa kusa. Na tambaya, aka ce iskar gas ce da ke fitowa tare da mai, ba su da abin yi da ita, sai su ƙone. Aka ce ta fi shekara ashirin tana ci. Dangin iskarmu ce, Baturiya. Abin da nake tarawa da kwarya, su suna zubar da shi da kogi." Ya ce mutanen wurin sun gaya masa an sha sa ranar hana ƙona ta ana ɗagawa. Sannan ya ce, "Wutar nan ta yini ɗaya da ta dafa wa Kano tuwon shekara." Ban san ko lissafinsa daidai ne ba. Na dai san idonsa ya kawo ruwa.

Ku dubi inda aka sa mu. Kananzir ya ɓace, in ka samu ma sai ka yi addu'a kafin ka kunna, don ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Muka koma daji, malaman daji suka ce an hana saran itace, suka ƙwace gatarin mata. Takin zamani da aka koya mana dogaro da shi aka janye hannu daga kansa, ya fi ƙarfin talaka. An hana mu itace, an hana mu kananzir, an hana mu taki. Abu ɗaya ya rage mana da ke ba mu wuta ya ba mu taki, shi ne ramin Gwadabe. Sai ga shi bara wutar ta fara raguwa. Murhu huɗu ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya, shi ma sai lumshewa yake kamar idon mai jin barci.

Mu ne muka matsa masa. Ina so matan garin nan su ji wannan, ni ma ina ciki. Kullum sai mun ce, "Malam, yaushe za a gyara?" Ni da bakina na ce masa, "Yaya, shekara takwas kana jiran mutanen da suka manta da kai. Damina ta kusa, ba taki, ba wuta. Ko sai mun koma tsintar kara?" Ya ce, "An ce kada in buɗe." Na ce, "Wanda ya ce ɗin yana ina?"

Bayan Babbar Salla da mako guda ya buɗe. Ya yi iyakar hankalin da Allah ya ba shi. Ya kashe murhu, ya hana kowa girki, ya ɗaga murfin, aka kwashe ruwan da guga, ya bar ramin a buɗe kwana uku don iskar ta fice. Saura ɓawon da ya manne a ciki, wanda sai mutum ya sauka. Sai ya kira wanda duk garin nan ke kira in za a shiga rami.

Ina wurin. Na kawo musu fura da hantsi, ban tafi ba. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Yaya ya ɗaura igiya a ƙugu zai sauka. Baba Mudi ya riƙe shi ya ce, "Tsaya, Gwadabe. Ina za ka ba a zura fitila ba?" Baƙi, ga al'adar masu rijiya: ba a shiga tsohon rami sai an kunna fitila an zura ta da igiya har ƙasa. In ta ci gaba da ci, iskar ramin lafiya take. In ta mutu, mutum ma zai mutu in ya sauka. Da wannan fitila Baba Mudi ya yi shekara arba'in yana yasar rijiya bai taɓa rasa mutum ko ɗaya ba. Akwai magidanta a zaune a nan da ita ta tsirar.

Yaya ya ce, "Baba, an ce mana kada wuta ta kusanci bututu."

Baba Mudi ya ce, "Bututu ai ka cire shi. Kwana uku rami na shan iska. Ni dai ban taɓa barin ɗan wani ya shiga rami ba fitila ba, ba kuwa zan fara da ɗan Ubale ba. In ka sauka ka shaƙe, me zan ce wa Maijidda?"

Yaya ya matsa kusa. Ya leƙa ramin, ya shinshina. Ya ce, "Ba wari kam." Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Baba, kai ne malamin rami, ni Sarkin Kashi ne kawai. Kunna. Amma ba ni igiyar, idonka ba ya gani sosai, ja da baya."

Baba Mudi ya kunna. Yaya ya karɓa, ya durƙusa a bakin ramin, ya sunkuya yana zurawa a hankali.

Ba zan faɗi abin da na gani bayan nan ba, 'ya'yansa na zaune. Abin da zan faɗa shi ne, tsohon nan da kuke gani ya sa hannuwansa biyu cikin wuta ya janyo shi. Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan ke nan.

Yaya ya kwana biyu a asibiti. A rana ta biyu da azahar Adda Maijidda ta fita alwala, Umaru ya tafi neman magani, saura ni kaɗai. Ya buɗe ido ya ce, "Baturiya." Na ce, "Na'am, Yaya." Ya ce, "Mudi fa?" Na ce yana gida. Ya ce, "Ki gaya wa su Umaru kada a taɓa Mudi. Abin da ya sani ya yi, don ya tsare ni ya yi. Ni ne aka ce wa kada in buɗe." Ya huta, ya ƙara cewa, "Ki faɗa musu, kin ji? Ke ai bakinki ba ya riƙe magana." Har da ɗan murmushinsa. Kafin la'asar ya cika.

Jama'a, ban faɗa ba. Kwana arba'in ina riƙe da wasiyyar mamaci a cikina. Na ga an daina gaishe da Baba Mudi, na yi shiru. Na ga matarsa Balaraba ta zo gaisuwa an bar ta tsaye a zaure, na yi shiru. Na ji Umaru da Inuwa sun kai ƙara gaban Dagaci, na yi shiru. Don me? Don zuciyata na neman wanda za ta ɗora wa, kuma in ba Baba Mudi ba, saura ni, da na ce masa wanda ya ce ɗin yana ina. Ya fi mini sauƙi a tsani tsoho da in tsani kaina. Na ci amanar Yaya, na zalunci bawan Allah. A gabanku nake tuba, Allah ya yafe mini.

Yanzu, baƙonmu na hukuma. Ka zo da takarda, an karanta mana ita ɗazu. Mun gode da ta'aziyya. Amma a cikinta an ce binciken da aka yi ya nuna ganganci ne da rashin ilmin mutanen ƙauye. Ranka ya daɗe, ban san wanda ya yi binciken ba, don ba mu ga kowa ba sai yau. Rashin ilmi kam gaskiya ne, ba mu da shi. Amma wa ya riƙe ilmin? Wa ya koya mana rabi ya tafi da rabi? Mutumin da ya je ƙofarku sau shida yana roƙon a koya masa, shi ne mai ganganci? Da mutum ɗaya ya hau babur ya zo ya ce mana, iskar nan ba ta da wari, tana maƙalewa cikin ɓawo ko an bar rami a buɗe, fitilar rijiya ba ta aiki a nan, da yau Yaya na zaune cikinku yana ba ku dariya. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Shekara takwas muna jiran ta.

Na san ba kai ka rufe ofishin ba, kai ma aiko ka aka yi. To, ka koma da saƙo. Ka ce musu duk dokar da suka sa wa hannu a can, a nan take sauka, a madafarmu da fadamarmu da bayan shanunmu. Su sa hannu a noma shinkafa, burtali ya tafi. Su sa hannu a gina rami, mu gina. Su sa hannu a rufe ofis, ramin ya zauna da mu kamar maciji a ɗaka. Ka ce musu akwai irin ramin nan guda biyar da aka gina a shekara ɗaya da namu, tsakanin Kiru da Doguwa. Masu su na zaune a nan, na gan su, kuma nasu ma wutar ta fara raguwa. Kowane gari cikinsu yana da nasa mai haƙar rijiya, kowanne yana da fitila. Ku da kuka zo daga garuruwan nan, ko ba ku ɗauki komai daga bakina ba, ku ɗauki wannan: kada ku zura wuta, kada ku sauka, sai wanda ya sani ya zo. In bai zo ba, ku bar shi a rufe, gara hayaƙi.

Adda Maijidda, shekara talatin kina zaune da shi, kin fi ni sanin halinsa. Kin san ba zai so a kori kowa da sunansa ba. Ki yafe mini da na ɓoye miki maganarsa ta ƙarshe, ke ce kika fi cancanta ki fara ji.

Umaru, ɗago kai ka dube ni. Kai ne babba yanzu. Na san abin da ke cinka, ni ma shi ke cina. Amma uban da kake wa fushin nan ya riga ya yanke hukunci, kuma da hankalinsa ya yanke. Rijiyar da aka ɗebo ruwan wankan gawarsa, Baba Mudi ya haƙa ta. Ba zan ce ka manta ba, ba a mantawa. Cewa nake ka janye ƙarar nan yau, a gaban Dagaci, kada ta kwana. Ka tashi, kai da Inuwa, ku je gindin tsamiyar can ku kamo hannun tsohon nan. A hankali, hannun bai warke ba. Ku kawo shi kan tabarmar gidanku.

Zan jira. Ba zan ci gaba ba sai kun tashi.

Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Jama'a, ku buɗe musu hanya.

Baba Mudi, ina wuni. Yaya jiki? Ka yafe mana. Gwadabe ya tambaye ka kafin ya tafi.

Na gode wa Wakilin Hakimi da Dagaci da Liman da Ardo da suka ba mace dama ta yi magana har ta wuce iyaka. Na gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suka kwana biyu suna girkin sadakar nan a kan kara, idanunsu jawur.

Ya Allah, ga bawanka Gwadabe ɗan Ubale. Ya sha zafin wuta a duniya yana neman sauƙaƙa wa mutane, ka haramta wa wutar lahira jikinsa. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka sada shi da Baffa da Inna cikin rahamarka. Ka ba Maijidda da 'ya'yanta dangana. Ka warkar da hannuwan Mudi. Ka ba masu mulkinmu tunawa da abin da suka fara, ka tsare mutanen garuruwa biyar ɗin nan har mai ilmi ya iso gare su. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ba mu riƙe da haƙƙin kowa.

Liman, Allah ya gafarta Malam, a ja mana Fatiha.